Neman Biri Mai Ganga a Dajin Gashaka

Shekara 14 ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gombe. Kowace shekara idan muka iso babin dabbobi masu shayarwa, sai in zana hannun mutum a allo, in zana na cimfanzi a gefensa, in ce wa yara su nemo bambancin. Bara wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsa da idonka?" Na ce ban taɓa ba. Ta ce, "To a wace ƙasa yake?" Na ce yana nan ƙasarmu, a jihar Taraba, cikin dajin Gashaka. Ajin ya yi tsit, don duk sun ɗauka dabbar talabijin ce. Tun daga ranar maganar ta tsaya mini a rai. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara na haɗa ɗan abin da na tara, na ari madubin hangen nesa wurin wani abokin aikina, na sallami iyali.

Bayan sallar asuba na shiga tasha, na biya naira 12,000 zuwa Jalingo a wata Sharon da aka cusa mu kamar buhunan gero. Kumo, Billiri, Kaltungo, duk hanyar da na sani ce, barci ma na yi. Na farka muna ratsa gonakin rake kafin Numan, muka hau gadar Binuwai, ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, masu kwalekwale na ta harkarsu. Daga Numan zuwa Jalingo kuwa hanyar ta ci mana rai. Ramuka ne wasu na bin wasu, ga ƙura, direba na kauce wa wannan yana faɗawa wancan.

Shingayen bincike na ƙirga har na gaji na daina. A ɗaya daga cikinsu aka sauke mu duka aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Jami'in ya ɗaga madubin hangen nesan nan, ya dubi takalmin roba mai tsawo da na saya, ya dube ni. "Malam, ina za ka da waɗannan?" Na ce daji zan shiga kallon biri. Fuskarsa ta canza nan take, kuma ban ga laifinsa ba, don a wannan zamani wanda ya ce daji zai shiga da madubi dole a tsaya a kansa. Na nuna katin aikina da takardar da shugaban makarantarmu ya rubuta mini. Ya karanta a tsanake, ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya tsare, Malam. Ka fara zuwa ofishinsu, kada ka shiga kai kaɗai." Mun ɓata minti 40 a wurin, fasinjoji na ta gunaguni. Da la'asar sakaliya muka shiga Jalingo. Na kama ɗaki naira 9,000, na sha kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai, na kwanta.

Washegari motar Serti, naira 10,000. Rabin fasinjojin Gembu za su, kan tsaunin Mambila, kowa da rigar sanyi a cinya. Bayan Garba Cede ƙasa ta fara canza kama. Ciyawa ta fi tamu tsawo, itatuwa sun fi namu duhu, duwatsu suna ta matsowa. Amma akwai wurare da dama da sai kututture kake gani. Wani dattijo ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya ce madobiya ce, wadda 'yan katako ke kira madrid, aka sare aka yi ta lodi a tirela ana kai wa tashar jiragen ruwa don fitarwa Sin, shekaru kaɗan da suka wuce. A Bali muka tsaya, na ci soyayyar doya da gasasshen kifi na kogin Taraba.

Dattijon nan ne ya tambaye ni abin da zai kai ni Serti. Na ce cimfanzi, bai gane ba. Na ce goggon biri, ya ce ai goggo ko a bakin hanya zan gan shi. Sai na kwatanta: baƙi ne, babba, ba shi da wutsiya, yana kwana a kan itace. Ya buga cinyarsa ya ce, "Af! Biri mai ganga kake nufi." Shekara 14 ina kiransa da sunan Turawa, ashe yana da sunansa na Hausa a inda ake zaune da shi. Na fito da littafina na rubuta.

A Serti hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Shi ne mafi girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, wani ɓangare a Taraba wani a Adamawa, an kafa shi a 1991 bayan an haɗe gandu biyu, na Gashaka da na Gumti. A cikinsa dutsen Cappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Na cika takarda, na biya kuɗin shiga da na rakiya, aka ba ni rasit, aka haɗa ni da wani matashin mai gadin daji da bindigarsa. Jami'in da ya karɓe ni bai ɓoye mini komai ba. Ya ce biran nan ba su saba da mutane ba kamar na Uganda ko Tanzaniya da ake kai 'yan yawon buɗe ido. Ana iya yin mako biyu ba a gan su ba. Ya tambaye ni ko ina mura ko tari, don murar da za ta kwantar da mutum kwana biyu tana iya kashe su. Na shiga kasuwa na sayi garin masara, shinkafa, manja, busasshen kifi, sukari da ganyen shayin Mambila, abin da zai ishe mu mutum uku kwana shida.

Da sassafe 'yan acaɓa biyu suka ɗauke mu zuwa ƙauyen Gashaka, naira 15,000 kowane babur. Hanyar hawa da gangara ce, jar ƙasa da tsakuwa. A kogin Mayo Kam muka sauka, muka naɗe wando, muka tura baburan cikin ruwa mai sanyi kamar na randa, garai-garai har kana ganin duwatsun ƙasa. Ƙudan tsando ya yi mana maraba tun daga nan. Cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi, kuma ta cikin riga yake yi. Mai gadin ya ce laifin shuɗiyar rigata ne, tsando na son shuɗi da baƙi. Na canza ta a bakin kogin. A kan wani tudu kusa da ƙauyen akwai kufan ganuwar Jamusawa, tun lokacin da yankin ke ƙarƙashin Kamaru ta Jamus. Sai a ƙuri'ar 1961 wannan ɓangare ya zaɓi zama cikin Nijeriya.

A ƙauyen aka haɗa ni da wanda zai zame mana ido. Dattijo ne siriri, ya kai shekara 65, tsohon maharbi da ya ajiye bindiga ya koma bin sawu wa masu bincike. Baba nake ce masa, shi kuma Malam. Hausarsa da gardin Fulatanci. Ya dubi takalmina ya ce sabo ne, zai ci mini ƙafa, in sa safa biyu. Daga nan a ƙafa muka tafi Kwano, inda sansanin bincike yake, wanda wani Bajamushe malamin jami'a a Landan, Volker Sommer, ya fara aiki a cikinsa a shekarar 2000. Awa uku da rabi muka yi. Kafin mu isa dugadugaina biyu sun yi bororo.

Da yamma garken goggo ya zo wucewa ta bayan bukkokin. Na miƙe da madubi. Baba ya ce, "Zauna, Malam, wannan ba shi ba ne. Dubi wutsiya, dubi baki kamar na kare. Duk mai wutsiya biri ne kawai. Naka ba shi da ita ko ta ɗan yatsa." Abin da littafi ke faɗa ke nan shi ma, da dogon Turanci. Manyan birai marasa wutsiya iri huɗu ne: cimfanzi, da bonobo da ke kudancin kogin Kwango kaɗai, da gorila, da orangutan na tsibiran Borneo da Sumatra. Biyu daga ciki muna da su a Nijeriya, don akwai gorila a duwatsun Kuros Riba, irin da bai kai 300 ba a duniya gaba ɗaya. Mu Hausawa mun daɗe da cewa biri ya yi kama da mutum, amma wanda ya fara faɗin haka jan biri ya gani yana ɓarnar gyaɗa. Da wannan ya gani, ban san me zai ce ba.

Sanyin daren Kwano ya ba ni mamaki. Na san hunturun Gombe, busasshe mai fasa leɓe. Wannan kuwa mai laima ne, yana ratsa bargo ya shiga ƙashi.

Rana ta farko a daji muka shiga kurmi, irin wanda ke bin bakin rafi. Daga waje ciyawa ce busasshiya da rana, taku goma kawai sai ka tsinci kanka cikin duhu da sanyi, itatuwa sun yi sama har wuya ya gaji da kallo, igiyoyin ciwo sun nannaɗe su. Baba ya tsaya ya nuna sama da haɓa. "Ga gadonsu." Can sama, wajen mita 15, an lanƙwaso rassa an saƙa su, an shimfiɗa ganye a kai, faɗinsa kamar babban faifai. Muka ƙirga guda shida a itatuwa uku. Ganyen bai gama bushewa ba, Baba ya ce kwana biyu ne. Kowane babba yakan yi sabon gado kusan kullum da magariba, cikin 'yan mintoci, kuma ba mai kwana da wani sai uwa da ɗanta mai shan nono. Baba ya nuna mini wani ɗan ƙarami a gefen babba, saƙarsa a hargitse. Ya ce na yaro ne mai koyo.

A bakin rafin na ga abin da ya sa na durƙusa. Sawu ne a cikin laka. Ƙafar baya kamar tafin hannu, babban yatsa ya ware gefe, don da shi suke riƙe reshe. A gabanta kuma ramuka huɗu a jere. Na kasa gane su sai da Baba ya naɗe yatsunsa ya dafa ƙasa da bayan gaɓoɓin tsakiya. Haka suke tafiya, hannu ya fi ƙafa tsawo, nauyin gaba a kan gaɓoɓin yatsu. Na naɗe nawa na sa a cikin ramukan. Suka shiga, sai dai nasa sun fi nawa faɗi. Lakar da sanyi. Na daɗe a durƙushe a wurin, har mai gadin ya ce mu tafi rana na yi.

Rana ta biyu, muna alwala da asuba, na ji shi. Da farko wata murya ce can cikin kwari, huu, huu, huu, a hankali, tana ƙaruwa tana sauri har ta koma ihu mai tsinka zuciya, sai kuma dum, dum-dum, dum. Tsigar jikina ta tashi. Wani ya amsa daga ɗaya gefen dutsen. Baba ya yi murmushi ya ce, "Ka ji gangar." Bayan awa biyu ya kai ni gindin irin itacen. Saiwoyinsa sun fito sama da ƙasa, faɗi-faɗi kamar allunan ƙofa, tsayinsu ya kai ƙirjina. Namiji kan zo da gudu, ya kama gefen saiwar da hannu, ya yi ta dukanta da ƙafafu. Sautin na kai kilomita guda ko fiye. Na doka da tafin hannuna iya ƙarfina, abin da ya fito ko tsuntsu bai kora ba. Gangar tana da dalili. Ba garke guda suke yawo ba kamar goggo. Jama'a ɗaya ce mai ƙasarta, amma kullum a rarrabe, yau uku, gobe takwas, jibi uwa da ɗanta kaɗai, kamar mutanen gari da kowa ya kama hanyar gonarsa. Da ihu da ganga suke sanar da juna inda suke.

A ranar ne kuma kwarkwasa ta hau ni. Ina kallon sama na taka layinsu. Kafin in ankara sun shige wando har cinya, sai da na tuɓe a bayan itace ina cire su ɗaya-ɗaya, wasu kan ya maƙale a fata ko an ja jikin. Ina cikin wannan Baba ya kira ni da hannu. Ya bi layin har gidansu, ramin da ke gindin wani ruɓaɓɓen kututture. A bakin ramin ga sanduna biyar a yashe.

Na ɗauki ɗaya. Miƙaƙƙiya ce, an zage ganyenta tas, an karye ƙananan rassan, tsawonta da na auna santimita 80 da 'yan kai, bakinta ya ɗan tauno. Ba iska ce ta karyo ta ba, don itacen da aka ciro ta yana can taku ashirin. Wani ne ya zaɓe ta, ya gyara, ya ɗauko ta zuwa nan don aikin da ya riga ya ƙudurta. Baba ya kwatanta yadda suke yi: a ɗare wani reshe ko saiwa don ƙafa ta bar ƙasa, a zura sandar a rami, kwarkwasa ta hau da fushi, a zaro, a share da hannu zuwa baki a tauna da sauri kafin ta ciji harshe. Ni da na gama fama da guda talatin na san abin da tsawon sandar nan ke karewa. Akwai kuma gajeru masu kauri da suke haƙa da su don zumar ƙananan ƙudan nan marasa harbi.

Na tambayi Baba game da gara, don abin da kowane littafi ke kawowa ke nan. A 1960 Jane Goodall ta ga cimfanzi yana zura tsinke a cikin suri yana ciro gara, a wani daji a Tanzaniya da shi ma Gombe ake kiransa, abin da ɗalibaina ke jin daɗin ji kullum. Kafin nan masana na cewa mutum kaɗai ke ƙera kayan aiki. Baba ya girgiza kai. "Namu ba sa cin gara." Ga suri ko'ina a dajin, ga tsinke, amma ba ruwansu. Masu binciken Kwano ma haka suka tarar: kawunan kwarkwasa a kashinsu rani da damina, gara kuwa babu. Na dajin Tai a Kodebuwa suna fasa ƙwallon itace da dutse a kan dutse, uwa na yi ɗa na kallo shekara da shekaru kafin ya iya. Na Fongoli a Senegal suna fiƙe sanda da haƙori su soki ƙananan dabbobi a kogon itace. Na Gashaka ba sa ko ɗaya. Wannan ya fi komai tsaya mini. Kamar yadda mutumin Gombe ke cin abin da na Sakkwato bai saba da shi ba, alhali duk abin na nan a ƙasarsu, haka su ma kowane gari da abin da ya tarar iyayensa na yi.

Daren nan muna gefen wuta, Baba na tuƙa tuwon masara, na tambaye shi ko ya taɓa harbin biri mai ganga a zamanin farautarsa. Ya ce a'uzubillahi. Ya ce tun suna yara aka gaya musu mutane ne da, waɗanda suka kama kifi ranar Asabar aka mayar da su birai. Na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ƙissar tana cikin Alƙur'ani, amma akwai hadisi a Muslim da ya nuna waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba, kuma akwai birai tun kafin su." Ya yi shiru yana juya muciya. Can ya ce, "To, Malam, kun fi mu karatu. Amma ni na ga wata ta ɗauki gawar ɗanta kwana da kwanaki. Ya bushe a hannunta tana korar masa ƙuda. In ta hau itace da shi, in ta sauko da shi. Wanda ya ga wannan ba zai ɗaga bindiga ba."

Mai gadin, wanda ya yi sakandare, ya jefo tambayar da nake sha a aji: wai gaskiya ne Turawa sun ce daga biri muka fito? Na ce masa abin da masana kimiyya ke faɗa shi ne mu da cimfanzi mun haɗa kaka shekara miliyan shida zuwa bakwai da suka wuce, ba wai wannan na daji ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, kuma a lissafinsu gida ɗaya suka sa mu da manyan biran nan huɗu. Ni Musulmi ne, na yi imani da halittar Annabi Adamu, kuma ina koyar da abin da ke cikin manhaja a matsayin abin da masana suka ce. Amma kamannin ba a musunsa. Haƙoransu 32 kamar namu. Farce gare su, ba ƙumba irin ta kyanwa ba. Yatsunsu na da zanen da ake dangwale da shi. Cikinsu wata takwas ne. Ƙwayoyin halittarmu sun yi daidai da kusan kashi 98 cikin 100. Inda muka yi musu nisa shi ne ƙwaƙwalwa, tamu ta ninka tasu sau uku, da tafiya a miƙe, da harshe. Na karanta musu ayar Suratul An'am da ta ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi face al'ummomi ne irinku. Baba ya ce, "Sadaƙallahu," ya kwashe tuwo.

Rana ta uku ba mu ga komai ba sai wahala. Hawa, gangara, ƙaya, bororon ƙafata ya fashe. Abin da muka samu shi ne tarkon waya guda biyu da wasu suka ɗana wa gada, mai gadin ya kwance ya sa a jaka. Ya ce irinsu ne ke guntule wa biran yatsu. Ya ce mutanen yankin ba sa cin naman, amma akwai masu shigowa daga nesa, kuma duk jaririn da ka gani a hannun mai sayarwa, sai da aka kashe uwarsa. Na tuna masu wasa da biri a kasuwanninmu, da sarƙa a ƙugu da 'yar riga, da yadda nake tsayawa kallo ina yaro. Irin wannan cimfanzi na Nijeriya da Kamaru, masana na ƙiyasin bai wuce 9,000 ba a duniya, kuma Gashaka na cikin manyan wuraren da suka rage masa. Mace ba ta haihuwa sai bayan shekara biyar ko shida. In aka kashe uwa ɗaya, an daɗe ba a mayar da gurbinta ba. Na kwanta a daren raina a jagule, na fara shirya abin da zan gaya wa yara.

Rana ta huɗu Baba ya tashe mu tun ƙarfe huɗu. Ya ce akwai wani ɓaure da ya nuna a kan wani kwari, mu riga su zuwa. Muka tafi da tocila a rufe da tafin hannu, muka zauna a bayan wani dutse, na ɗaura ƙyalle a hanci. Sanyi, sauro, ƙafa ta mutu. Gari ya waye, tsuntsaye suka cika itacen. Har ƙarfe bakwai da rabi ba komai. Sai Baba ya dafa gwiwata.

Ban ji zuwanta ba. Reshe ne kawai ya sunkuya, sai ga ta zaune, tsakaninmu kamar taku arba'in. Na sa madubi hannuna na rawa. Baƙa ce, goshinta ya fara sanƙo, haɓarta da furfura. Ƙafarta ɗaya ta riƙe reshe kamar hannu. Ta miƙa dogon hannu ta tsinko ɓaure, ta raba shi da leɓe, ta duba cikinsa kamar yadda uwata ke yi kafin ta ba mu, sannan ta ci. Na tsayar da madubin a kan hannun. Yatsu huɗu dogaye masu lanƙwasa, farce baƙi, tafin da layuka. Babban yatsan kuwa ɗan guntu ne, can ƙasa, bai kai ko gindin manuni ba.

Sai wani abu ya motsa a jikinta. Ɗan ƙarami, bai fi shekara biyu ba, fuskarsa fara-fara, kunnuwa manya, da ɗan tuntun farin gashi a gindinsa, alamar yarinta da ke ɓacewa in sun girma. Ya rataya da hannu ɗaya yana lilo, ɗaya hannun na uwar na tare da bayansa ba tare da ta ko dube shi ba. Ya gaji da wasa ya matso, ya kai tafin hannunsa ƙarƙashin bakinta, ya tsura mata ido. Ta ci gaba da tauna. Ya ƙara matsowa yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Sai ta sunkuyo ta turo leɓenta, ya ɗauka. Autana shekararsa biyu da wata uku. Haka yake yi wa uwarsa, hannun nan, kallon nan. Idona ya cika, madubin ya yi hazo, na goge da gefen riga.

Wani matashi ya hauro daga baya ya zauna kusa da ita, ta juya ta fara buɗa gashin kafaɗarsa da yatsu tana dubawa. Baba ya raɗa mini, "Yayansa ne." Ban san abin da ya tona mu ba, ko iska ce ta juya, ko gilashin ne ya ƙyalla. Ta ɗago. Idonta ruwan ƙasa ne, kuma a kaina ya sauka, ba a kan dutsen ba. Ba ta yi ihu ba. Hannu ɗaya ta sa ta kwashe ɗan ta manna a ciki, ya ƙanƙame gashinta. Daga ƙasa wani namiji da ba mu ma san yana nan ba ya yi wata irin haushi mai kaifi, na hango shi ta cikin ganye, gashinsa duk a tsaye har ya ninka girmansa. Kafin in sauke madubin itacen ya zama fayau. Ko karyewar tsinke ban ji ba.

Na duba agogo. Minti tara. Baba ya ce, "Ta san mutum, Malam. Tsohuwa ce, ta ga abubuwa." Muka zauna a wurin ba mai magana, har rana ta hau kan ɓauren.

Komawa ba ta da labari, sai ciwon ƙafa. A ƙauyen Gashaka na ba Baba abin da muka yi da shi, na ƙara masa takalmin roban, ya ba ni kwalbar zuma. Kwana biyu a hanya na iso gida, na lissafa abin da na kashe ya tasam ma naira 190,000. Hoton da na ɗauka na uwar da waya bai fito ba, baƙin dunƙule ne a cikin ganye. Na sandunan da na sawun kuwa sun fito tas.

Ranar da aka koma makaranta na shiga aji biyar da sanda mai tsawon santimita 80 da na yanko a bayan gidanmu na zage mata ganye. Na rubuta "biri mai ganga" a saman allo. Na zana hannun mutum, na zana nasa a gefe kamar kullum, sannan na tsaya na dube shi. Na sa dasta na goge babban yatsan, na sake zana shi guntu, can ƙasa kusa da wuyan hannu. Yarinyar nan tana layi na biyu, ta riga ta ɗaga hannu.